Geji mai faifai ko mai bututu, wanne zan saya? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi sun taru sosai a kan gejin auna matsi, kuma kusan duk abu ɗaya suke kewayawa: wai geji mai dayafram, wanda wasu ke kira mai faifai, ya fi sauran ne ko dai tsada ce kawai. Na zaɓi waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani sauran masu tambayar.

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah ina neman shawara. Ni nake kula da famfon da ke tura ruwan datti a wata masana'anta, ruwan akwai laka da yashi da ɗan tarkace. Duk gejin da muka ɗaura ba ya daɗewa, sai kaga allurar ta kafe wuri ɗaya ko famfo na aiki ko an kashe shi. Mai kawo mana kaya yace mu koma mai dayafram amma tsadarsa ta ninka, oga kuma gani yake wayo ne kawai ake son yi masa. Me zan faɗa masa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka faɗa wa oga mai kayan nan gaskiya ya faɗa, kuma bari in nuna maka dalili yadda kaima za ka iya yi masa bayani ba sai ka ce an ce ba.

Ɗauko ɗaya daga cikin gejin da suka mutu ɗin ka buɗe bayansa. Za ka ga wani bututun ƙarfe siriri, a ɗan matse ba zagayayye sosai ba, an lanƙwasa shi kamar harafin C, ƙarshensa ɗaya a toshe ɗayan kuma haɗe da bakin da ake ɗaurawa a fayif. Shi ne bututun Bourdon, sunan wani injiniyan Faransa Eugène Bourdon da ya yi rajistar fasahar a 1849, kuma har yau mafi yawan gejin da ake gani a duniya irinsa ne. Yadda yake aiki, ruwan ko iskar da kake aunawa shiga take cikin bututun nan, idan matsi ya ƙaru bututun sai ya nemi miƙewa, wannan ɗan motsin ne wasu ƙananan giya masu haƙora ke juyawa su motsa allura. Toh kaga matsalar ai, bututun ƙofar shiga kawai yake da ita babu ta fita, kuma ramin bakin gejin ƴan milimita ne, duk lakar da ta shiga ta samu wurin zama kenan, ta kwanta ta bushe ta toshe hanya, matsin da ya maƙale a ciki shi allura za ta ci gaba da nunawa har abada. Shi yasa kake ganinta a kafe. Gejin ba jabu bane, an dai kai shi inda ba nasa ba.

Mai faifai kuma ginin daban ne gaba ɗaya. Faifan ƙarfe ne zagayayye mara kauri, mai ɗan tudu da kwari zagaye-zagaye a jikinsa, an matse gefensa da noti tsakanin filanji biyu, wato farantan ƙarfe masu kauri, kamar dai yadda ake ɗaure fatar ganga. Ruwan daga ƙasa yake tura faifan, faifan ya ɗan kumbura sama, milimita 1 zuwa 3 ne duk tafiyar, wani ɗan sanda da ke tsakiyarsa ya kai motsin ga giya da allura. Ruwan ba ya wuce faifan, iyakarsa kenan. Kuma abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne ana yin irin wanda ƙasansa a buɗe yake, wato maimakon ɗan ƙaramin rami mai zare sai a yi masa filanji mai faɗin baki, ruwan ya taɓa faifan kai tsaye babu lungun da laka za ta ɓuya. Ko ta taru ma kwance noti za ka yi ka wanke fuskar faifan ka mayar, abin da ba za ka taɓa iya yi wa bututun Bourdon ba. Abin sha'awa ma a shekarar nan ta 1849 ɗin dai wani Bajamushe Bernhard Schäffer ya yi rajistar nasa gejin mai faifai, wato tun farko tare suka taso, kowa da inda ya fi ƙarfi, ba wai ɗaya sabon yayi bane ɗaya tsoho.

Akwai abu na biyu da ya shafe ka ko ba ka ambata ba. Famfo irin naku idan aka kunna shi ko aka rufe bawul da sauri, ruwa na dukan fayif, matsi ya yi tsalle ya ninka na ɗan lokaci. Bututun Bourdon ba ya jure wannan, abin da aka saba yarda masa shi ne kamar kashi 30 cikin 100 sama da ƙarshen ma'auninsa kuma na ɗan gajeren lokaci, idan ya wuce haka bututun ya miƙe ba ya komawa daidai, sai kaga an kashe komai amma allura ba ta dawo sifili ba. Faifai kuwa idan matsi ya yi yawa zuwa yake ya jingina da filanjin sama, ya samu abin dogaro, shi yasa masu ƙerawa da yawa ke ba shi ninki 5 na ma'auninsa, wasu na musamman ma fiye da haka nesa ba kusa ba.

Saboda haka idan za ku saya, kada ku ce kawai a ba ku mai dayafram, ku ce mai buɗaɗɗen filanji, na sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, domin akwai mai faifai da aka yi masa ƙaramin baki mai zare irin na sauran, wannan zai iya toshewa shima duk da ba da sauri ba. Sannan ku ɗaura shi a saman fayif ko a gefe, kada ku rataye shi a ƙasa inda yashi ke kwanciya. Maganar kuɗi kuma, ka tara wa oga matattun gejin da ke sito ka jera masa a tebur, araha ba ta ado, shi da kansa zai yi lissafin.

Tambaya: Malam ni gareji gare ni, akwai kwamfuresa da injin matsa mai haidirolik. Naji ana cewa mai dayafram ya fi ƙarko, shin in canza nawa duka in huta?

A'a wallahi, kada ka taɓa su. Iskar kwamfuresa da man haidirolik abubuwa ne masu tsafta, ba sa toshe komai ba sa cin ƙarfe, nan ne gidan bututun Bourdon kuma babu wanda ya kai shi a wurin. Na haidirolik ɗin ma ko kana so ba za ka samu ba, domin a ma'aunin matsi na bar, inda milibar 1000 ke bar 1, geji mai faifai yawanci daga milibar 16 yake farawa ya tsaya a bar 25, wasu su kai 40, shikenan, alhali injin haidirolik na aiki da bar 200 ko 300 hankali kwance. Bourdon kuwa daga wajen bar 0.6 yake tashi ya wuce 1000, idan matsin ya haura bar 60 sai a daina yin mai siffar C a nannaɗe bututun zagaye da yawa.

Kuma ƙarko daban, daidaito daban. Mutane na ɗauka tunda ya fi tsada ya fi faɗin gaskiya, ba haka bane. Saboda tafiyar faifai kaɗan ce, dole giyan su ninka motsin sosai kafin allura ta zagaye fuska, duk ɗan kuskure shima sai ya ninku, shi yasa yawancin masu faifai aji 1.6 ne ko 2.5, Bourdon mai kyau kuma aji 1.0, na gwaji har 0.25 ana samu. Zafi ma ya fi rikita mai faifai, a takardun masu ƙerawa za ka ga kuskuren da canjin zafi ke jawo masa ya kai ninki biyu na Bourdon.

Tunda na ambaci aji bari in tsaya a kansa, domin nan ne mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Lambar nan da ke rubuce a fuskar geji, 1.6 misali, kaso ne na dukkan ma'aunin ba na abin da allura ke nunawa ba. Geji mai bar 10 aji 1.6 an yarda masa ya kauce da bar 0.16 a ko'ina. Idan kana aiki a bar 7 wannan ba komai bane, amma idan da shi kake auna bar 1 kuskuren ya zama kashi 16 cikin 100 kenan. Toh mutum sai ya sayi mai bar 25 don kwamfuresan da ke tsayawa a bar 8 wai don kada ya fashe, allura na can ƙasa tana rarrafe, ko kuma ya sayi mai bar 10 ya ɗora a layin da ke aiki a bar 10 cif, allura kullum a ƙure, bututun ya gaji da wuri. Ka zaɓi wanda matsin aikinka zai faɗa tsakiyar fuska ko ɗan sama da haka, kada ya wuce kashi uku cikin huɗu idan matsin a tsaye yake, idan mai hawa da sauka ne kashi biyu cikin uku. Na bar 8 ɗin nan mai bar 16 ne daidai da shi. Ka riƙe kuɗinka ka gyara wannan, ya fi maka canza iri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin rumbun bayogas, na sayi geji mai bar 4 amma allurar ko motsi ba ta yi duk da gas na fita. An ce min akwai mai kafso akwai mai dayafram, wanne ya dace?

Wa alaikumus salam Hajiya. Gejin ki lafiyarsa ƙalau, matsin ne ya yi masa ƙanƙanta. Ƙaramin rumbu irin wannan milibar goma-goma yake bayarwa, kuma milibar 1000 ne bar 1, kinga ko rumbun ya kai milibar 30 a fuskar geji mai bar 4 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kaurin allurar ma ya kusa rufe shi. Bourdon mafi ƙanƙantar ma'auni da aka saba yi mai wajen bar 0.6 ne, a nan an fitar da shi daga gasar tun kafin a fara.

Mai kafso faifai biyu ne aka haɗa bakinsu aka like suka zama kamar ɗan gwangwani shafaffe, gas na shiga tsakaninsu su kumbura tare, tunda biyu ne motsin ya fi yawa shi yasa yake jin matsi ƙanƙani sosai, daga milibar 2.5 zuwa 600. A wajen laushin ji ya fi mai faifai ɗaya kuma ya fi shi sauƙin kuɗi. Amma fa an yi shi ne don iska busasshiya mai tsafta. Shima kamar Bourdon gas ɗin cikinsa yake shiga, kuma bayogas, wato gas ɗin da ruɓaɓɓen kashi ko shara ke fitarwa, jiƙaƙƙe ne, tururin ruwa ke biye da shi, ga kuma iskar sulfa mai warin nan da ke cin tagulla, yawancin masu kafso masu araha kuwa da tagulla ake yin cikinsu. Ruwa ya taru a kafson, nauyin ruwan kaɗai ya isa ya ɓata karatu, sannan tsatsa ta biyo baya. Idan dai geji mai allura kike so ya daɗe, mai faifai na sitenles mai milibar 60 ko 100 ya fi, sai dai ki shirya za ki ga filanjinsa ƙato, wajen milimita 160, domin ƙaramin matsi sai da faffaɗan faifai ake kama shi.

Amma ni da za ki bi ta tawa, kafin ki kashe ko sisi ki gwada abin da ya girmi dukkansu. Ki samu siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, ki lanƙwasa shi kamar harafin U ki kafe a jikin katako, ki zuba ruwa zuwa rabi, baki ɗaya ki haɗa da layin gas ɗayan ki bar shi a buɗe yana kallon sama, ki manna rula a tsakiya. Gas zai danne ruwan ɓangare ɗaya ya hau ɗayan, tazarar da ke tsakanin saman ruwan biyu ita ce matsin, kowace santimita 1 kusan milibar 1 ce. Babu giya babu sifirin babu abin da zai gaji, ba ya buƙatar saiti, da irinsa ma ake duba gaskiyar ƙananan geji. Ki dai yi shi da tsawo yadda matsi ba zai fitar da ruwan ba, ki riƙa ƙara ruwa idan ya ƙafe, kuma ki ajiye shi a waje inda iska ke wucewa, nesa da wuta, don idan ruwan ya fice gas ne zai biyo.

Tambaya: Oga barka da aiki. A wajen aikinmu akwai layin asid da layin kulorin. Wani ya kawo mana farashin geji mai dayafram, wani kuma ya kawo na Bourdon da aka ɗaura wa abin da ya kira sil mai dayafram. Ni dai na rikice, ba abu ɗaya bane?

Barka kadai Malam. Ba abu ɗaya bane, kuma masu sayarwa da yawa su kansu suna cakuɗa su, gara da ka tambaya.

A geji mai faifai, faifan shi ne ma'aunin, taurinsa ne ke faɗin matsi. A sil kuwa faifan ba ya auna komai, katanga ce kawai mai laushi, a bayansa an cika mai har cikin bututun Bourdon babu ko ɗigon iska, asid ya tura faifai, faifai ya tura mai, mai ya tura bututu. Wato an ɗauki Bourdon an saka masa garkuwa. Amfanin haka shi ne ka samu abin da Bourdon ke da shi, matsi mai yawa da daidaito, ba tare da sinadarin ya taɓa shi ba, kuma ana iya sa siririn bututu tsakanin sil da geji a kai gejin nesa da zafi ko girgiza. Idan layinku ya wuce bar 25 zuwa 40 babu ma zaɓi, sil ne kawai.

Illarsa kuma man nan ne. Zafi na kumbura shi, sai allura ta ɗan hau alhali matsi bai canza ba, kuma a ƙaramin matsi wannan kuskuren yana iya cinye karatun. Sanyi na sa shi kauri allura ta riƙa jan ƙafa. Idan wani ya kwance gejin daga sil ɗin don ya duba, ko ɗigo ɗaya ya zube iska ta shiga, an gama, sai an mayar wa masu cikawa da injin zuƙe iska. Sannan ranar da faifan ya huje man cikin layinku zai shiga. Mai faifai na asali a bushe yake, babu man da zai zube, shi yasa a ƙaramin matsi ni shi nake fifitawa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don wannan ya wuce maganar kuɗi. Kulorin da iskar oksijin da asid mai ƙarfi irin naitirik ba sa haɗuwa da gilisarin ko man da aka saba cikawa, haɗuwarsu na iya tada wuta ko fashewa. Idan sil za ku saya don layin kulorin dole a cika shi da man da ba ya kamawa, irin su halokabon, kuma a rubuta muku a takarda, har man da ake cika fuskar wasu geji da shi don hana allura rawa a duba. Kada ka yarda da ai duk ɗaya ne.

Sai kuma ƙarfen faifan. Sitenles 316L na jure abubuwa da yawa amma asid ɗin haidirokulorik na cinye shi, jiƙaƙƙen kulorin ma haka. A irin nan ake shimfiɗa wa faifan da filanjin ƙasa rigar PTFE, wata irin roba mai jure sinadarai, ko a yi faifan da ƙarafa na musamman irin tantalum ko Hastelloy ko Monel gwargwadon sinadarin. Wannan ma wani fifiko ne da faifai ke da shi, shafaffen abu ne ana iya lulluɓe shi, wa zai iya shafe cikin lanƙwasasshen bututu? Sai dai rigar na ɗan rage daidaito, mai aji 1.6 yakan koma 2.5. Kuma babu ƙarfe ɗaya da ya fi ƙarfin komai, tantalum da ke shanye asid, soda mai ƙarfi na lalata shi. Don haka ka rubuta sunan kowane sinadari, ƙarfinsa kashi nawa cikin 100, zafinsa digiri nawa, matsin aiki da mafi girman da zai iya kaiwa, ka ba su duka biyun ka ce kowa ya amsa a rubuce. Wanda ya ba ka farashi bai tambaye ka waɗannan ba, ka bar masa kayansa.

Tambaya: Yallaɓai me zai hana mu watsar da duk masu allurar nan mu koma na dijital?

Babu abin da zai hana a wasu wuraren, kuma ina son su. Na dijital mai kyau yana kai aji 0.5 ko 0.1, yana riƙe mafi girman matsin da aka kai, kana danna maɓalli ya juya maka daga bar zuwa psi, wani ma'aunin matsin daban, ba sai ka ninka da 14.5 a ka ba, girgiza ba ta cin giyansa tunda babu giya. Don gwaji da duba sauran geji babu kamarsa. Kuma in ka buɗe shi shima faifai ne a ciki, ɗan ƙarami na silikon ko tangaran ko sitenles, lantarki ne kawai ke karanta lanƙwasarsa maimakon sanda da giya. Saboda haka duk tambayoyin can suna nan, idan ƙaramin rami gare shi laka za ta toshe shi, idan asid bai dace da faifansa ba zai ci shi.

Abin da ke hana ni cewa a watsar shi ne batir da ido. Mai allura ba ya neman wuta, ranar da komai ya ɗauke yana nan yana nuni, kuma ma'aikaci daga nesa da kallo ɗaya ya san allura na inda ta saba ko ta kauce, lamba kuwa sai ka matso ka karanta ka yi tunani. Inda akwai gas mai kamawa kuma ba kowane na dijital ake shiga da shi ba sai mai shaidar wurin. Ni tsarina, mai allura a kan layi, na dijital ɗaya mai kyau a akwati ana zagayawa da shi ana duba su.

Tambaya: Gejin da ke bayan famfonmu allurarsa rawa take kamar za ta fita, na kan tukunyar tururi kuma baya wata nawa yake mutuwa. Mai dayafram zai magance?

Ɗan'uwa wannan ba canza iri ke maganinsa ba. Mai faifai ya ɗan fi jure girgiza saboda faifan a ɗaure yake ta ko'ina ba kamar bututun da ke reto ba, amma giyansa za su ci kansu kamar na kowa. Ka fara gane wace rawa ce. Ka rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin gejin famfo na aiki, idan allura ta ci gaba da rawa girgizar inji ce, sai ka sayi wanda aka cika fuskarsa da gilisarin ko man silikon, ko ka ɗauke shi daga jikin famfon ka kafe a bango ka haɗa da tiyo. Idan ta nutsu toh matsin ne ke bugawa, sai a sa ɗan matsattsen rami a bakin gejin ya rage bugun, amma a ruwa mai tsafta kawai don da datti toshewa zai yi. In ka sayi mai gilisarin kada ka manta ɗan marufin roba da ke samansa, a ƙananan ma'auni ana buɗe shi ko a yanke kansa bayan an ɗaura, in ba haka ba zafin rana ya tara matsi a cikin akwatin allura ta kauce daga sifili.

Na tururin kuma zafi ne ke kashe shi, kuma maganin ɗan nannaɗaɗɗen bututu ne da ake sawa tsakanin tukunya da geji, ka zuba ruwa a ciki kafin a fara, ruwan ne zai tsaya tsakani tururi ba zai taɓa gejin ba. Bourdon na sitenles da wannan bututun ya wadatar. Kuma tunda tukunyar tururi ce ko gas mai matsi sosai, ka nemi wanda ke da katanga tsakanin bututu da gilashi, bayansa ne ke ɓallewa idan ya fashe ba fuskar mai kallo ba, a ƙa'idar Turai ta EN 837 alamar S3 ake sa masa.

Tambaya: Na sayi geji zaren bakinsa ya ƙi shiga daidai, da ƙyar ya yi zagaye biyu, in ƙara tef in matse?

Kada ka matse. Alama ce an haɗa zare iri biyu, G rabin inci da NPT rabin inci, a ido kamar ɗaya suke don duka haƙora 14 ne a inci, amma G miƙaƙƙe ne da wosha yake rufewa a ƙasa, NPT kuma tsukakke ne a jikin zaren yake kamawa, kusurwar haƙoransu ma daban, digiri 55 da 60. In ka tilasta zai riƙe yau ya yi yoyo gobe, ko ya fice da matsi a bayansa. Ka mayar a canza maka ko ka sayi mahaɗin da ke juya ɗaya zuwa ɗaya, kuma wajen ɗaurawa ka sa sifana a wuyan gejin mai kusurwa, kada ka kama fuskarsa da hannu kana murɗawa.